Farkon Bazara: Abubuwa Uku da Ɗalibi Zai Yi da Lokacinsa

Hunturu ya naɗe tabarmarsa. An ninke rigunan sanyi, faso da tsagewar leɓe sun yi sauƙi, masu hura wutar ruwan wanka da asuba sun huta. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa watan Maris mun shiga farkon bazara ke nan, lokacin da darbejiya take fure, mangwaro yake shirin nuna, rana kuma take ƙara ƙarfi kullum har ta kai ga zafin Afrilu, wanda a yankinmu yakan haura digiri 40.

A ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura wannan shi ne lokacin da aikin gona ya fi sauƙi. An gama girbi tun tuni, shuka kuma sai ruwa ya sauka wajen ƙarshen Mayu ko Yuni. Ban da masu noman rani da masu kai taki gona, yawancinmu muna samun sarari bayan an tashi daga makaranta. Ina wannan sararin yake tafiya? In za mu faɗi gaskiya, yana ƙarewa a bakin shagon cajin waya, ko majalisar gindin bishiya, ko gidan kallon ƙwallo, ko barcin da ya wuce ƙa'ida. Ga shi kuwa jarrabawar JAMB, WAEC da NECO na tafe ga 'yan aji shida, 'yan aji uku na ƙaramar sakandare ma tasu na jiransu.

Ba muna cewa kowa ya rungumi littafin lissafi dare da rana ba ne. Ƙwaƙwalwa tana bukatar hutu, amma hutu daban, zaman banza daban. Akwai abin da mutum yake yi don sha'awa, ba don an sa shi ko za a biya shi ba, ya ɗebe masa kewa kuma ya ƙaru da wani abu. Mun zaɓo guda uku da suka dace da wannan yanayi kuma ba sa bukatar kuɗi mai yawa: ɗaukar hoto, karatu da lambu.

Ɗaukar hoto: aikin haske ne

Da yawa suna zaton hoto mai kyau sai waya mai tsada. Ba haka ba ne. Kyamara ba ta ganin mutum ko dutse, haske kawai take tarawa. Tun kusan shekara dubu da suka wuce, malamin nan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin yadda haske yake shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda, ya zana siffar abin da ke waje a jikin bango, kai ƙasa ƙafa sama. Sai a wajen 1826 wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ya iya kama irin wannan siffa ta zauna dindindin. Wayar da ke hannun yayanka a kan wannan ƙa'ida take aiki. Wanda ke son gani da idonsa ya samu kwali, ya yi huda da allura a gefe guda, ya yanke ɗaya gefen ya manna takarda mai shara-shara, ya lulluɓe kansa da zane ya fuskanci bishiya da rana tsaka. Zai ga bishiyar a kife.

Tunda haske ne jarin mai hoto, dole a san lokacinsa. A bazara hasken tsakar rana ya fi kowane muni. Rana tana tsakiyar ka, inuwa tana faɗawa cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, wanda ake ɗauka kuma yana runtse ido yana yamutsa fuska. Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar zuwa gab da magariba. A lokacin hasken yana zuwa ta gefe, yana da laushi, yana fito da tsagar duwatsu da launin jar ƙasa. In dole sai da rana, a shigar da mutumin inuwar zaure ko ta bishiya, fuskarsa tana kallon inda haske ke shigowa.

Ga wata matsala da kowa ya sani. Ka ɗauki abokinka sanye da farar shadda, rigar ta fito fes, fuskar ta yi baƙi ƙirin. Dalili shi ne wayar ta auna hasken da farar rigar, sai ta rage shi. Maganinsa ka taɓa fuskar mutumin a kan allon wayar kafin ka ɗauka, sai ta auna da fuskar. Haka kuma kada rana ta kasance a bayansa, sai dai in siffarsa kawai kake so, kamar ta makiyayi da shanunsa a faɗuwar rana.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. A goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, don ƙurar da hunturu ya bari da maiƙon yatsa su ke sa hoto ya yi hazo. A riƙe waya da hannu biyu. Kada a jawo abu da yatsa a kan allo, don hoton yana dusashewa. A taka da ƙafa a matsa kusa. A kunna layukan nan da ke raba allo gida tara, a ajiye abin da ake ɗauka a kan ɗaya daga mahaɗar layukan maimakon tsakiya. Kafin a danna, a dubi bayan mutumin, kada turken lantarki ya zama kamar ya tsiro daga kansa. Kada kuma a bar waya a rana ko a kan kujerar babur, zafi yana lalata batir.

Me za a ɗauka? Ba sai an je Abuja ba. Ga duwatsun Kazaure da na Roni, ga madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba da masunta da masu lambu a gefenta. Ga kuka tsirara ba ganye, kusa da ita gawo kore shar, shi da yake zubar da ganyensa da damina ya yi sabo da rani, saɓanin sauran itatuwa. Ga maƙera, majema, masu saƙar tabarma da masu ginin tukwane. Ga rumbun ƙasa da ginin azara da suke ɓacewa a hankali. Nan da 'yan makonni shamuwa za ta iso, wadda manoma suke ɗauka albishir na damina. Wa zai fara kawo mana hotonta a bana?

Kada a raina irin waɗannan abubuwa. J. D. Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya, ya shafe shekaru tun daga 1968 yana ɗaukar hotunan kitson mata har kusan dubu, yau ana nuna su a manyan gidajen adana kayan tarihi na duniya. Malick Sidibé na Bamako hotunan matasan garinsu ya riƙa ɗauka, a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice na Italiya. Fati Abubakar ta Maiduguri ta yi suna ne da hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno. Dukansu abin da ke ƙofar gidansu suka ɗauka.

Sai dai hoto yana da ladabi. Kada a ɗauki kowa sai da izininsa, musamman mata da dattawa. Kada a ɗauki wanda ya yi haɗari, ko mara lafiya, ko almajiri yana bara don a yi dariya. A nisanci shingen jami'an tsaro da wuraren aikinsu, 'yan uwanmu na Babura da ke kusa da iyakar Nijar su fi kowa kiyaye wannan. Hoton abokiyar karatu in ya shiga WhatsApp ko Facebook ba ya dawowa, kuma yana iya jawo mata abin da ba a yi zato ba a gida. Inda dokar makaranta ta hana riƙe waya, doka tana nan daram. A yi hoto a gida da aron wayar yaya ko baba, ko a fita tare da malamin ƙungiya.

Karatu: abokin inuwa

Daga azahar zuwa la'asar rana ba ta barin kowa ya yi wani aikin kirki a waje. Wannan lokaci na littafi ne. Ba karatun jarrabawa muke nufi ba, muna nufin karatun da mutum ya zaɓa da kansa don daɗi.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne ga mai shirin WAEC. A tambayi malaman Hausa da na Turanci: a takardar insha'i nan take ake gane ɗalibin da yake karanta labarai. Yana da kalmomi, ya san inda ake sa aya da waƙafi, ya san yadda ake fara magana a kai ta ƙarshe. Ga kuma sauri. A ɗakin jarrabawar JAMB agogon kwamfuta ba ya jiran kowa, wanda ya saba karatu yana gama fahimtar tambaya tun na kusa da shi yana bin ta da yatsa.

A fara da namu. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abubakar Imam an haife shi a 1911, wato shekararsa 22 kacal lokacin gasar, bai girmi 'yan aji shidanmu da yawa ba. Bayan nan ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, inda aku yake ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya hana shi fita, kuma shi ne editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Wanda ya gama waɗannan ya nemi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ko Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, ko littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino. A ɓangaren Turanci a fara da gajerun labarai, sannan a hau kan Chinua Achebe, Cyprian Ekwensi da Zaynab Alkali.

Yaya ake sabawa? Da yayyafi kogi kan cika. Shafi goma a rana, a wata guda shafi 300 ke nan, littafi biyu ko uku. A tsayar da lokaci da wuri guda, misali gindin darbejiyar ƙofar gida bayan cin abincin rana, a bar waya a ɗaki. A ajiye ƙaramin littafin rubutu, duk kalma ko karin maganar da ba a sani ba a rubuta, a tambayi malam ko kaka. In an gama babi a rufe littafin, a ba ƙane ko ƙanwa labarin da baki. Abin da ka iya faɗa da bakinka shi ne ka fahimta.

Matsalar ita ce samun littafi. A fara leƙa ɗakin karatun makaranta, a tambayi malamai, a duba akwatin baba ko kawu, sau da yawa tsofaffin littattafai suna can ƙura ta rufe su. Mutum biyar kuma in kowa ya samo littafi ɗaya suka riƙa musaya duk mako, kowa ya karanta biyar. Sharaɗin kawai shi ne amana: kada a naɗe shafi, kada a yi rubutu a ciki, a dawo da shi ranar da aka yi alkawari. Masu karatu ta waya su yi hattara, ba duk abin da ake turowa a zaurukan WhatsApp da sunan littafi ne ya dace da ɗalibi ba. Wanda kake jin kunyar a gan shi a hannunka, ka san amsarsa.

Karatu kuma shi ke haifar da rubutu. 'Yan uwa mata su sani tun 2016 sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata. Ranar 23 ga Afrilu kuma ita ce Ranar Littafi ta Duniya da hukumar UNESCO ta ware tun 1995. Kowa ya yi ƙoƙari ranar ta same shi ya gama aƙalla littafi guda.

Lambu: shuka a lokacin da ƙasa ta bushe

Wannan shi ne ya fi wuya, shi ne kuma ake ci. Ba a bukatar fadama. Kusurwar tsakar gida, bayan aji, ko tsohon buhun taki ya isa.

Abu na farko shi ne sanin abin da zai jure zafi. Tumatir, latas, kabeji da karas kayan sanyi ne, shi ya sa masu noman rani suke shuka su tun kaka su kwashe da hunturu. Idan zafi ya wuce digiri 35 furen tumatir yakan kaɗe ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba, wannan na cikin dalilan da ke sa tumatir tsada daga ƙarshen bazara zuwa damina. Wanda ya fara shuka shi yanzu wahala zai sha. Abin da ke son zafi shi ne alayyahu, rama, yakuwa, lalo, kuɓewa da zogale.

Alayyahu ya fi dacewa da sabon shiga. A haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi ɗaya. A kula, ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙona tsiro, sai wanda ya daɗe ya ruɓe ya zama kamar ƙasa. A cika buhu, a huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, ko a yi ɗan fangali mai zurfi kaɗan yadda zai riƙe ruwa. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, sai a cakuɗa shi da yashi a yayyafa, a rufe da ƙasa sama sama. Cikin 'yan kwanaki zai tsiro, cikin mako uku zuwa huɗu a fara yanka. In aka yanka aka bar gindin zai sake toho. Kuɓewa kuwa a jiƙa irin ya kwana, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami, in sun fito a bar mafi ƙarfi. Wajen wata biyu za a fara tsinka, a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu tun tana ɗanya.

Babban ƙalubalen shi ne ruwa, kuma ba daidai ba ne lambun ɗalibi ya shanye ruwan da aka sayo wa gida daga 'yan garuwa. Akwai dabaru. A ajiye roba a wurin alwala, a tara ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Ruwan omo kam a kai shi nesa, yana ɓata ƙasa. A yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, don da rana tsaka wani kasonsa tururi zai zama kafin ya kai ga saiwa. A rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, ko buntun shinkafa, ko ganyen da aka share, ƙasa za ta daɗe da laima. Dabara mafi kyau ita ce ta tulu. A binne tulun ƙasa har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakin saboda sauro, a yi shuka a kewayensa. Ruwan zai riƙa naso ta jikin tulun a hankali kai tsaye zuwa saiwa, irin nason da ke sa ruwan randa sanyi. Sai bayan kwana biyu ko uku a ƙara.

Maƙiyan lambu a bazara su ne awaki, kaji da ƙadangaru, don babu wani kore a gari sai naka. A yi shinge da kara ko ƙaya, a rufe ƙananan tsiro da tsohon gidan sauro. In ƙwari suka far wa ganye, a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma. Ɗalibi ba shi da hurumin taɓa maganin feshi na kanti, guba ne, aikin manya ne.

Akwai kuma shukar da ta fi miya nisa. Jigawa tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke fama da kwararowar hamada, waɗanda shirin nan na ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafa. Itacen da za a dasa da damina yanzu ake renonsa. A tara ledojin ruwa da ke warwatse a harabar makaranta, a yanke bakinsu, a huda gindi, a cika da ƙasa da taki, a sa irin zogale ko ƙwallon mangwaron da aka sha, a jera a inuwa ana ba su ruwa. Kafin ruwa ya zauna a Yuni ko Yuli sun isa dashe. Aji mai ɗalibi 50, in kowa ya reni leda biyu, itace 100 ke nan, ga kuma an rage shara.

Yadda za a haɗa su

Ukun nan ba sa kishi da juna, don kowanne da lokacinsa. Ban ruwa da sassafe, minti goma. Littafi bayan azahar, rabin awa. Hoto bayan la'asar, sau ɗaya ko biyu a mako. Dare kuma na bitar darasi ne. Mai lambu ya ɗauki hoton shukarsa duk ranar Asabar daga wuri guda, ya auna tsawonta da rula ya rubuta. Bayan mako shida yana da aikin da malamin Noma ko na Bayoloji zai yi murna da shi. Ba dole ba ne a yi duka ukun. A ɗauki guda a riƙe shi da gaske, ya fi a fara uku a watsar a mako na biyu.

A kula da lafiya. Lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, a riƙa shan ruwa sosai, a buɗe tagogi da dare, a guji yawo a tsakar rana. Wanda ya je ɗaukar hoto bakin dam ya tsaya a tudu, kada zafi ya ja shi shiga ruwan da bai san zurfinsa ba.

Muna roƙon malamanmu su taimaka da aron littattafai, da ɗan fili a bayan azuzuwa, da rakiya in za a fita ɗaukar hoto. Ku kuma 'yan uwa, wannan allo naku ne. Wanda ya gama littafi ya rubuto mana taƙaitaccen bayaninsa a shafi guda. Mai hoto ya kawo guda ɗaya tare da sunan wurin da ranar da ya ɗauka. Mai lambu ya kawo rahoton abin da ya shuka da abin da ya samu, ko da akuya ce ta riga shi. A miƙa wa sakataren ƙungiya ko malamin da ke kula da ita, za mu liƙa waɗanda suka fi kyau a fitowa ta gaba.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kai mu damina lafiya.

Daga Sashen Ilimi da Nishaɗi, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta